Tarihin Rasha da na Sin a matsayin sana'ar jami'a: ta ina ake kama hanya?

Ɗalibin Tarihi:
Assalamu alaikum malamai da iyayenmu na wannan zaure. Tambayata a kan wanda ya gama digirin farko a tarihi ne, yana son ya yi na biyu da na digirgir, ya zama malamin jami'a mai bincike a tarihin Rasha da na Sin. Ana haɗa biyun ne, ko dole sai an zaɓi ɗaya? Shekara nawa abin yake ci? Kuma ina ya fi dacewa a yi karatun, a ƙasashen biyu ko a Turai da Amurka? Allah ya ƙara wa malamai lafiya.

Dakta Bakano:
Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da lissafin harshe, don a nan ne yawancin masu wannan niyya suke tsayawa. Makarantar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta wa mai jin Turanci awa 1,100 na aji kafin ya iya aiki da Rashanci, Sinanci kuwa awa 2,200. Jimla 3,300 ke nan, ba a sa bitar gida ba, kuma harshen yau kaɗai ake magana. Masanin tarihi yana buƙatar abin da ya wuce haka: rubutun hannu, tsohuwar ƙa'idar rubutu, da salon akawun gwamnati.

Taura biyu ba ta taunuwa a lokaci guda. Ka ɗauki ɗaya ya zama gidanka, wanda za ka yi magana da shi, ka yi rubutu, ka yi gardama da ma'aikacin ma'adana, wato gidan adana takardun tarihi. Ɗayan ka kai shi matakin karatu da ƙamus. Ni shawarata Rashanci ya zama na farko. Haruffa 33 ne, a sati biyu an gama da su. Wahalar tana wajen suna, da yake sauya ƙarshensa iri shida gwargwadon aikinsa a jimla, da kuma fi'ili, da kusan kowanne ke zuwa tagwaye, ɗaya na aikin da ya kammalu ɗaya na wanda bai kammalu ba. Mai naci zai iya karanta jaridar Pravda da ƙamus bayan shekara ɗaya da rabi. Matakin da ake so kafin a shiga ma'adana shi ne na biyu a jarrabawar Rashanci ta TRKI, wato daidai da B2 a ma'aunin harsuna na Turai.

Malama Bazazzagiya:
Dakta na yarda da zancen taura, amma ban yarda da jerin ba. Wanda ya san zai taɓa tarihin Sin, ko da gefe ne, Sinanci ya kamata ya fara, tun ƙwaƙwalwa tana da ɗanyenta. Ana iya koyon karanta Rashanci a tsakiyar digirin digirgir, an sha yi. Ba a cika samun wanda ya fara Sinanci a wannan matakin ya kai ga karanta takardun fada ba.

Ga dalili. A tsohon tsarin jarrabawar Sinanci ta HSK mai mataki shida, mataki na 4 kalma 1,200 ne, na 5 kalma 2,500, na 6 kalma 5,000. Mai mataki na 6 zai karanta jaridar yau, amma a ba shi takardar da gwamnan lardi ya aika wa sarki Qianlong, ba zai wuce layi biyu ba. Wannan tsohon Sinanci ne na rubutu, ba aya ba waƙafi, daga sama zuwa ƙasa, daga dama zuwa hagu, kuma ɗaya takarda tana ɗauke da maganar wata takardar a cikinta, ita ma tana ɗauke da wata. Idan ba ka san kalmomin da ke buɗe ruwaya da masu rufe ta ba, sai ka jingina wa gwamna maganar da hakimin gunduma ya yi. Wannan kuskuren yana rusa babi guda.

Sannan haruffa iri biyu ne. Gwamnatin Beijing ta sauƙaƙa su a 1956 da 1964, don haka duk abin da aka rubuta kafin nan, da duk na Taiwan da Hong Kong, da tsofaffin haruffa yake. Dole ka iya duka biyun. Abu ɗaya da zai sauƙaƙa wa Bahaushe shi ne karin sauti. Kunnen da ya saba raba ma'ana da hawa da saukar murya ba ya shan wuyar sautuka huɗun Sinanci kamar yadda Bature yake sha.

Farfesa:
Ku biyun kowa ya faɗi gaskiya a fagensa, amma ɗana, tambayar bincike ce take zaɓa maka harshe. Akwai fagage uku da Rasha da Sin suke haɗuwa da gaske. Na ɗaya iyaka: yarjejeniyar Nerchinsk ta 1689, ta Kyakhta ta 1727, ta Aigun ta 1858, ta Beijing ta 1860, layin dogon da Rasha ta shimfiɗa a Manchuriya da birnin Harbin da ya tashi a kansa. Na biyu juyin juya hali: Komintan, wato ƙungiyar jam'iyyun kwaminis ta duniya, kafa jam'iyyar kwaminis ta Sin a 1921, jami'ar Sun Yat-sen da aka buɗe a Mosko a 1925. Na uku ƙawance da ɓaraka: yarjejeniyar 14 ga Fabrairu 1950, janye ƙwararrun Sobiyet a 1960, faɗan tsibirin Zhenbao a Maris 1969, zuwan Gorbachev Beijing a Mayu 1989.

Fage na ɗaya yana neman tsohon Sinanci, sau da yawa har da harshen Manchu, na sarakunan Qing, daular Sin ta ƙarshe. Na biyu Rashanci ne jagora, don takardun suna Mosko. Na uku ana yin sa da harsunan zamani kaɗai. In ba ɗaya daga cikin ukun nan za ka shiga ba, babu hujjar ɗaukar kaya biyu.

Ɗalibin Tarihi:
Ranka ya daɗe na gode. Dakta, ko za a yi mana bayanin yadda aikin ma'adana yake a Rasha? Ana ta cewa an rufe komai tun 2022.

Dakta Bakano:
Ba a rufe komai ba, amma abubuwa sun yi tsauri. Bari in fara da taswirar. Takardun gwamnatin sarakuna na ƙarni na 19 suna RGIA a Sant Pitasbag. Na kafin nan suna RGADA a Mosko, na sojan sarakuna suna RGVIA. Na gwamnatin Sobiyet suna GARF, na tattalin arziki RGAE, kuma waɗannan biyun ɗakin karatu ɗaya suke amfani da shi. Na jam'iyya har zuwa 1952 suna RGASPI, inda fond, wato tarin takardu, na 17 na kwamitin tsakiya ne, na 495 na Komintan, na 558 na Stalin. Na jam'iyya bayan 1952 suna RGANI. Ma'aikatar harkokin waje tana riƙe da nata biyu, AVPRI na zamanin sarakuna da AVPRF na zamanin Sobiyet.

Tsarin ko'ina hawa huɗu ne: fond, wato tarin takardun hukuma ɗaya, opis, jerin sunayen fayilolin da ke cikinsa, delo, fayil ɗin kansa, list, ganyen takarda. Da haka ake kafa hujja a kundi, kuma in bayan ganye ne ka ƙara "ob.". Duk bayanin da ka kwafa ba tare da lambobin nan huɗu ba, ka yi asararsa, don ba mujallar da za ta karɓa.

Shiga kuwa da wasiƙa ake yi daga jami'arka zuwa ga shugaban ma'adanar da sunansa, cikin Rashanci, da hatimi, a rubuta maudu'i da shekarun da ya ƙunsa. Nan ake yin kuskure mafi yawa. Mutum ya rubuta maudu'i ƙunci, kamar alaƙar Sobiyet da Sin a fannin ƙarfe daga 1953 zuwa 1957, sai ya ga fayil na 1959 da yake buƙata, a ce masa ba ya cikin maudu'insa. Ka faɗaɗa shekaru da kalmomi tun a wasiƙa. Fayil yakan ɗauki kwana biyu ko uku na aiki kafin ya fito, ana ƙayyade yawan da za ka nema, akwai ranar shara sau ɗaya a wata da ba a buɗewa, wasu ɗakunan kuma suna hutu a watan Agusta. Saboda haka mai wata uku ya yi rajista a ma'adana biyu ko uku, yana jiran nan yana karatu a can. Fayilolin da suka shafi sirrin rayuwar mutum suna kulle shekara 75. A AVPRF kuma bisa al'ada ba a ba ka opis, ma'aikaci ne yake zaɓo maka, don haka ka je da lambobin da ka tsinto daga ƙasan shafukan waɗanda suka riga ka.

A cikin kowane fayil akwai takardar da masu karatu suke sa hannu. Ka duba ta. Ita za ta gaya maka ko kai ne na farko, ko kuwa mutum goma sun riga ka.

Game da 2022: hukumomin ba da tallafi na Turai da Amurka da yawa sun yanke hulɗa da cibiyoyin Rasha, katin banki na Visa da Mastercard da aka yi a waje ba ya aiki a can, kotu kuma ta rusa ƙungiyar Memorial, mai tattara tarihin waɗanda aka zalunta a zamanin Sobiyet, tun Disamba 2021, abin da ya nuna inda iska ta dosa game da binciken zaluncin zamanin Stalin. Mai fasfon Afirka ba ya fuskantar duk shingen da Ba'amurke yake fuskanta, amma in jami'ar Yamma ce take ɗauke da shi, tana iya hana shi izini ko inshorar tafiya. Kada kuma a shiga ma'adana da bizar yawon buɗe ido, an kori masu bincike a kan haka.

Malama Bazazzagiya:
Na Sin ya fi haka matsewa, musamman na bayan 1949. Ma'adanar Tarihi ta Ɗaya a Beijing ita ke riƙe da takardun daular Ming da Qing, kimanin miliyan goma, kusan kashi ɗaya cikin biyar da harshen Manchu. Ta Biyu a Nanjing ita ke da na zamanin Jamhuriya, 1912 zuwa 1949. Babbar ma'adanar jam'iyya ba ta baƙo ba ce. Ma'aikatar harkokin waje ta fara buɗe nata a 2004, aka bi a hankali har takardun 1965, sannan wajen 2013 aka janye mafi yawansu. Wanda ya gina kundinsa a kan wannan ƙofar a lokacin, ya tarar da ita a rufe.

Dokar ma'adanai da aka gyara a 2020 ta rage wa'adin buɗewa daga shekara 30 zuwa 25, amma a aikace abin da ake nuna maka a kwamfutar ɗakin karatu shi ne abin da aka tace. Sau da yawa in aka ce ana mayar da wani tari zuwa na'ura, wani ɓangarensa ba ya dawowa. Nan ma sai da wasiƙar gabatarwa daga jami'ar cikin gida da ta karɓe ka, kuma wurare da dama ba sa barin ɗaukar hoto, da hannu za ka kwafa. Wannan ya sa saurin karatu da buga haruffa ya zama jari.

Don haka ƙa'idar da ake bi yanzu ita ce: kada ka zaɓi maudu'in da ƙofa ɗaya ce take kai wa gare shi. A Taipei akwai Academia Historica, da cibiyar tarihin zamani ta Academia Sinica mai takardun harkokin waje tun ƙarshen Qing, da gidan tarihi na fada mai ɗimbin rahotannin da sarakuna suka yi wa sharhi da jan tawada. Jafan ta sa takardunta na Asiya kyauta a intanet a ƙarƙashin JACAR, kuma babu mai rubuta tarihin Manchuriya ba tare da su ba. Ma'adanar birnin Shanghai ta fi yawancin na larduna sauƙin sha'ani. Akwai kuma kundayen tarihin gundumomi, tsofaffi da waɗanda aka sake tattarawa tun shekarun 1980.

Ɗan Zango:
A ƙara da abin da ke wajen Rasha, don shi ne ya ceci ɗalibai da yawa. Tsoffin jamhuriyoyin Sobiyet sun gaji kwafin umarnin Mosko: Almaty, Tashkent, Bishkek, Tbilisi, Riga, Vilnius, Tallinn. Ga mai binciken iyaka da Xinjiang, yankin Musulmi na yammacin Sin, Almaty ta fi Mosko amfani a wasu fannonin. Laburaren Slabik na Helsinki ya riƙa karɓar kwafin abin da aka buga a daular Rasha daga 1828 zuwa 1917. A Amurka akwai Hoover a Stanford da tarin Bakhmeteff a Columbia. Cibiyar Wilson ta sa fassarar dubban takardun yaƙin cacar baka a intanet. Amma a yi hattara da wannan na ƙarshe: na ɗanɗano ne da koyarwa. Kundin digirgir da aka gina a kan fassara kaɗai ba ya wuce gaban masana fagen.

Malam Badamagare:
Allah ya gafarta malamai, akwai abin da ba a taɓa ba, kuma a ganina shi ne ya fi shafar mai tambaya. Idan yaron nan ya shiga layin masu nazarin Stalin ko Mao, zai tarar da waɗanda aka haifa da harsunan. Amma in ya yi karatun allo da na zaure, yana da abin da mafi yawansu ba su da shi: Larabci, fiƙihu, da ido mai karanta ajami.

Sarauniyar Rasha Katarina ta kafa majalisar malaman Musulunci ta Orenburg a 1788, mazauninta ya kasance Ufa, kuma takardunta suna nan a ma'adanar Bashkortostan, fond I-295: ƙararrakin aure, saki, gado, naɗin limamai. Na sashen da ke kula da addinan da ba na cocin gwamnati ba suna RGIA, fond 821. Tatar sun yi rubutu da haruffan Larabci har ƙarshen shekarun 1920. A Dagestan Larabci ne harshen ilimi da wasiƙa, da shi Imam Shamil ya yi mulki har ya miƙa wuya a Gunib a 1859. A zamanin Sobiyet an kafa hukumar Musulmin Asiya ta Tsakiya a Tashkent a 1943, rahotannin majalisar kula da addinai kuma suna GARF, fond R-6991.

A ɓangaren Sin, Musulmin Hui suna da nasu ajamin, ana ce masa xiao'erjing, Sinanci da haruffan Larabci. Akwai malamai irin su Wang Daiyu da Liu Zhi da suka bayyana Musulunci da kalmomin Konfushiyas, akwai rigimar ɗariƙun Khufiyya da Jahriyya a Gansu a kan zikiri a ɓoye ko a bayyane. Wanda ya tashi cikin muhawarar ɗariƙu ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ga kuma inda ƙasashen biyu suka haɗu: daular Yakubu Beg a Kashgar daga 1865 zuwa 1877, mamayar da Rasha ta yi wa kwarin Ili daga 1871 zuwa 1881, da Dungan, wato Hui ɗin da suka tsallaka ƙasar Rasha a waɗannan shekarun, waɗanda jikokinsu a Kirgistan da Kazakistan suke rubuta Sinancinsu da haruffan Rasha har yau.

Malama Bazazzagiya:
Malam maganarka tana da nauyi, sai dai a faɗa masa farashinta. Xinjiang a yau ba wurin da baƙo zai je ya yi binciken tarihin Musulmi ba ne, kuma maudu'in kansa yana iya hana jami'ar Sin ba ka wasiƙa. Sannan Larabci bai wadatar ba, takardun Kashgar da Tashkent da Farisanci da Chagatai suke, wato tsohon harshen rubutu na Turkawan Asiya ta Tsakiya. Harshe na uku da na huɗu ke nan.

Malam Badamagare:
Haka ne Malama. Amma mai Larabci ya riga ya mallaki haruffan da babban kaso na kalmomin, Chagatai ba ya cin masa abin da Sinanci zai ci. Kuma ana yin aikin daga Almaty, Tashkent, Kazan, Istanbul, da takardun ofishin jakadancin Birtaniya na Kashgar da ke Landan. Ƙofofi biyar ke nan, daidai da ƙa'idar da kika kawo.

Ɗan Zango:
Ni kuma ina ganin hanya mafi kusa ita ce gasar Mosko da Beijing a Afirka, inda rabin hujjar take a gida. Firaministan Sin Zhou Enlai ya zaga ƙasashen Afirka goma daga Disamba 1963 zuwa Fabrairu 1964. Nkrumah yana Beijing aka kifar da shi ranar 24 ga Fabrairu 1966. 'Yan Sawaba na Djibo Bakary sun samu horo a Sin kafin yunƙurinsu na 1964. Sobiyet ta ba gwamnatin Gowon jiragen MiG a yaƙin basasa, kamfaninta na Tyazhpromexport ya gina Ajaokuta. Najeriya ta ƙulla hulɗa da Beijing a Fabrairu 1971. Nijar ta koma wajen Taipei a 1992, ta dawo Beijing a 1996. Rediyon Mosko da na Beijing duka sun yi shirye-shirye da Hausa, an buga ƙamusun Hausa da Rashanci a 1963 ƙarƙashin Olderogge. A GARF, fond R-9540 na kwamitin zumuncin Asiya da Afirka ne, R-9576 na ƙungiyoyin abota, R-6903 na rediyo da talabijin. A RGAE fond 365 na hukumar ayyukan tattalin arziki a waje. Haɗa su da ma'adanun Kaduna, Ibadan, Yamai da Akara, da hira da dattawan da suka yi karatu a jami'ar Patrice Lumumba, waɗanda suke ƙarewa kullum.

Farfesa:
Wannan fage ne mai albarka, amma a san sunan da za a kira mai yin sa. Kwamitin ɗaukar aiki zai iya cewa masanin Afirka ne, ba na Rasha ko Sin ba. Tallan gurbi a jami'o'in waje yana fitowa ne da suna ɗaya, ko Rasha da Yureshiya, ko Sin da Gabashin Asiya. Da wuya a haɗa. Wanda ya tsaya tsakiya, kowane ɓangare yakan ɗauke shi na ɗayan. Maganin shi ne maƙalarka ta farko ta fito a mujallar da 'yan gida suke karantawa: Slavic Review, Kritika ko Russian Review a wannan gefen, Journal of Asian Studies, Late Imperial China ko Modern China a wancan. Ka kuma riƙa zuwa taron ƙungiya ɗaya duk shekara, ASEEES ta masana Rasha ko AAS ta masana Asiya, har a san fuskarka.

Zancen inda za a yi digirin kuma, ga yadda suke. A Amurka shekara shida zuwa takwas ne: biyu na kwasa-kwasai, jarrabawar fagage, shekara guda ko fiye a ma'adana, sauran rubutu, kuma manyan jami'o'i suna biyan alawus. Shi ne tsarin da ya fi barin mutum ya ƙara harshe. A Birtaniya uku zuwa huɗu ne, ba kwas, kundi har kalma 100,000, don haka da harshenka za ka zo. SSEES da SOAS a Landan su ne sanannu. A Rasha akwai shekarar share fage ta harshe, digiri na biyu shekara biyu, aspirantura, wato karatun digirgir, uku, jarrabawa uku, maƙala aƙalla uku a mujallun da hukumar tantance digiri ta VAK ta amince da su, sannan kariya gaban majalisa da masu suka biyu na hukuma. Abin da za a ba ka sunansa kandidat nauk, shi ake daidaitawa da digirin digirgir. Doktor nauk mataki ne na gaba da shi. A Sin uku zuwa huɗu ne, da kare tsarin bincike tun farko, da tura kundi ga masu dubawa da ba ka san su ba. Tallafin gwamnati na CSC yana ba mai digiri na biyu yuan 3,000 a wata, na digirgir 3,500.

Abin da na fi amincewa da shi: harshe da digiri na biyu a ƙasar da abin ya shafa, digirgir a inda ba za a shata maka abin da za ka kammala da shi ba.

Dakta Bakano:
Ranka ya daɗe a nan ina da ja kaɗan. Horon sanin tushen hujja da karanta tsohon rubutu a Mosko da Sant Pitasbag ba shi da na biyu, kuma ga wanda zai dawo koyarwa a gida, kandidat ya ishe shi. Maudu'in ƙarni na 18 ko na 19 ba ya jawo matsalar da na kashe-kashen Stalin na 1937 ko na yaƙin duniya na biyu yake jawowa.

Farfesa:
Na karɓa, in maudu'in na zamanin sarakuna ne. Amma ko da haka ya fitar da maƙala ɗaya da Turanci kafin ya gama, don kada aikinsa ya tsaya a inda masu ƙara masa girma ba za su iya karantawa ba. A jami'o'in Najeriya tsanin daga mataimakin lakcara ne zuwa lakcara na biyu, na ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, farfesa, kuma da yawan wallafa ake hawa. Sassan tarihi da dama sun ƙara nazarin ƙasa da ƙasa a sunansu, suna da kwas na Rasha da na Asiya, masu jin harsunan kuwa ƙalilan ne. Gurbin yana nan. Matsalar da za ta biyo baya ita ce kuɗin komawa ma'adana, don haka duk tafiyar da ka samu ka tara abin da zai ishe ka kundi da aikin shekara biyar bayansa.

Ɗalibin Tarihi:
Allah ya saka da alheri. Wane kuskure ne sabon shiga ya fi yi a cikin takardun kansu?

Malama Bazazzagiya:
Kwanan wata da sunaye. Ɗauki yarjejeniyar Aigun. Takardar Rasha za ta ce 16 ga Mayu 1858. Ta Sin za ta ce rana ta 16, wata na huɗu, shekara ta takwas ta sarki Xianfeng. A kalandarmu 28 ga Mayu ne. Rasha ta tsaya a kan tsohuwar kalanda har Fabrairu 1918, ratar kwana 11 ce a ƙarni na 18, 12 a na 19, 13 a na 20. Shi ya sa juyin Oktoba na 1917 ya faɗo 7 ga Nuwamba. Kalandar Sin ta wata ce mai ƙarin wata a wasu shekaru, kada ka lissafa da ka, yi amfani da jadawalin Academia Sinica. Shekarar Jamhuriya kuma ka ƙara mata 1911, shekara ta 26 ita ce 1937. A maƙunsar bayananka ka ware gida biyu, kwanan da ke kan takarda da wanda ka juya, in ba haka ba za ka ga amsa ta riga wasiƙa isowa, ka gina hujja a kan iska.

Sunaye kuma, gari ɗaya Dalny ne a bakin Rasha, Dairen a na Jafan, Dalian a yau. Mukden da Fengtian da Shenyang wuri ɗaya ne, haka Kulja da Yining. Jami'in Qing yana da sunan yanka, da na girmamawa, da laƙabin alƙalami.

Dakta Bakano:
A takardun Komintan ma ɗaliban Sin da sunan Rasha aka rubuta su: Deng Xiaoping shi ne Dozorov, ɗan Chiang Kai-shek kuma Elizarov. Wanda bai san wannan ba zai wuce fayil ɗin da ya zo nema. Ka kuma koyi tsarin Palladi na rubuta sautin Sinanci da haruffan Rasha, tare da pinyin da tsohon tsarin Wade-Giles na rubuta shi da haruffan boko, ka buɗe jadawali guda na sunaye tun ranar farko. Takardun kafin 1918 da tsohuwar ƙa'idar rubutu suke, da haruffan da aka soke, don haka in kana bincike a tsofaffin jaridu na intanet ka gwada rubutun duka biyu.

Farfesa:
Ba a fafe gora ranar tafiya, ɗana. A shekarar nan ka yi abu huɗu. Ka fara harshen, awa uku kullum. Akwai Rashanci a jami'o'in Legas da Ibadan, cibiyar Konfushiyas a jami'ar Legas da ta Nnamdi Azikiwe a Awka, kuma a can ake zana HSK. Ka nemi gurbin gwamnatin Rasha ko gasar Open Doors ta jami'o'in Rasha, ko CSC, ko tallafin Huayu na Taiwan in tsofaffin haruffa kake so. Yawancinsu tsakanin kaka da bazara suke buɗewa, ka tanadi fassarar takardun shaidarka da hatimi tun da wuri. Ka rubuta samfurin aiki na shafi 20 zuwa 25 a kan hujja ta asali, ko da daga ma'adanar Kaduna ko tsofaffin jaridu ne. Sannan ka rubuta wa malamai uku da kake son su duba aikinka, wasiƙa gajeriya: tambayarka a jimla biyu, matakin harshenka na gaskiya, sunayen ma'adanu da lambobin fond ɗin da kake nufi, da inda za ka koma in na farkon ya rufe.

Ɗalibin Tarihi:
Na rubuta duka ranka ya daɗe. Zan fara da Rashanci, in duba jerin fayilolin fond 821 da I-295 kafin in tsayar da tambayar. Malam Badamagare, in akwai littafin koyon Chagatai da ka yarda da shi, a taimaka a ajiye sunansa a nan.